Ƙunar Rana Ce Ko Cuta? Muhawarar Masu Lambu a Kan Ɓarnar Bazara

Mai Lambu, Bagwai:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a harkar nan. Mangwarona ya yi huda sosai bana, amma tun shigowar watan Maris 'ya'yan suke ta kakkaɓewa. Waɗanda suka tsaya kuma wasu sun yi tabo a kafaɗa. Da farko wurin ya yi fari-fari, daga baya ya koma ruwan ƙasa, ƙarshe ya yi baƙi ya lotsa. Tattasan da na dasa a tsakanin bishiyoyin shi ma haka, gefe guda ya yi fari ya yi laushi. Na kai wa mai shagon magani ya gani, ya ce cuta ce, ya haɗa mini magani. Na fesa, babu wani canji. Kafin in sake kashe kuɗi, wa ya taɓa ganin irin wannan?

Baba Ɗan Fadama, Kura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, mai magani bai yi maka ƙarya ba, cuta ce. Duk shekara in bazara ta kama muna ganinta a tumatur da tattasai a nan Kura da Kadawa. Sai dai magungunan yanzu da yawansu ruwa ne kawai. Ka nemi mai kyau a wurin wanda ka yarda da shi, ka ƙara ƙarfin haɗin.

Malamin Gona, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina roƙon a ɗan dakata da maganar ƙara ƙarfin haɗi. Malam na Bagwai, je ka duba mana ka dawo. A wane gefen bishiya masu tabon suka fi yawa? Na can cikin ganye su ma sun yi? Sannan ka rage wa bishiyoyin rassa a 'yan watannin nan?

Mai Lambu, Bagwai:
Malam, yanzu na zagayo. Kusan duka a ɓangaren yamma suke, sai na can ƙololuwa. Na cikin duhun ganye lafiyarsu ƙalau. Rassa kuwa, eh, wajen ƙarshen Janairu na sa an sare waɗanda suka yi yawa don tattasan da ke ƙasa ya samu rana.

Malamin Gona, Zariya:
To wannan ƙunar rana ce, kuma babu maganin feshi da zai warkar da ita. Cuta ba ta san gabas da yamma ba. In ta shiga bishiya, ta ma fi son cikin duhu inda akwai laima. Abin da ya zaɓi ɓangaren yamma da ƙololuwa ya bar na cikin ganye, rana ce, ranar nan ta tsakanin azahar da la'asar.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zafin da ake faɗa a rediyo na iska ne a inuwa. Fatar ɗan itacen da rana take duka kai tsaye tana iya fin wannan da digiri 10 zuwa 15. Ke nan ranar da aka ce Kano ta kai digiri 40, kafaɗar mangwaron da ke fili tana iya haura 50. Masu bincike a jihar Washinton ta Amurka, inda ake noman tuffa da yawa, sun auna abin. Sun ga fatar tuffa tana fara komawa ruwan ƙasa in ta kai tsakanin digiri 46 da 49, in ta kai wajen 52 kuma naman wurin ya mutu ke nan. Mangwaro ya fi tuffa juriya, amma shi ma yana da iyaka.

Me ya sa ganye bai ƙone ba ɗa ya ƙone? Ganye yana da ƙananan ƙofofi masu ɗimbin yawa da yake fitar da ruwa ta cikinsu, ruwan yana tashi yana tafiya da zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa. Ɗan itace ba shi da waɗannan ƙofofi da yawa, ga shi da kauri, zafin da ya shiga ba ya saurin fita. Shi ya sa ya dogara da inuwar ganye. Akwai kuma wani abu: ɗan da ya tashi a inuwa fatarsa ba ta saba da haske ba. In aka yaye masa ganye farat ɗaya, ko zafin bai kai can ba, hasken kaɗai yana iya sa shi ya yi fari. Saran rassan da aka yi a Janairu shi ya buɗe ƙofar.

Baba Ɗan Fadama, Kura:
Malam, ban ƙi taka ba. Amma in ba cuta ba ce, baƙin nan mai gari-gari da ke fitowa a kan tabon fa? Na sha murza shi da yatsa. Rana tana haifar da funfuna ne?

Malamin Gona, Zariya:
Gaskiyarka Baba, funfuna ce, kuma idonka bai yaudare ka ba. Sai dai ita daga baya take zuwa. Rana ta kashe fatar, funfuna ta samu mataccen wuri ta zauna. In ka fesa magani ka kashe ta, ƙunar tana nan, gobe kuma wasu 'ya'yan za su ƙone.

Ga yadda nake bambance su a gona. Ƙunar rana tana gefen da ke kallon rana, tabo ɗaya mai faɗi. Baƙin da ke fitowa a gindin tumatur ko kankana, wato can inda fure ya faɗi, shi kuma ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan, kuma galibi ba don ƙasar ba ta da shi ba ne, ban ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau ƙishirwa gobe ambaliya. Ɗigo-ɗigon baƙi a warwatse a jikin mangwaro, wannan cuta ce ta gaske, amma ta fi ƙarfi in an fara ruwa. In kuma ka ga 'yar huda, ka fasa ka tarar da tsutsa, aikin ƙuda ne.

Mai Kankana, Haɗeja:
Ni zan ɗan tsaya wa Baba a nan. A gonar kankana abin da nake gani shi ne, darɓa ko farin nan da ke hawa ganye su suke fara cinye yaɗon. Da ganye ya bushe, kankana ta zauna tsirara a rana, cikin 'yan kwanaki bayanta ya yi fari, ya koma ruwan ɗorawa, in ka fasa ka tarar saman ya yi lugub. To ka ga asalin abin cuta ce. Da an yi feshi da wuri da ba a kai nan ba.

Baba Ɗan Fadama, Kura:
Madalla da ɗan Haɗeja. Shekarar 2016 da sharon, tsutsar nan mai cin ganyen tumatur, ta shigo mana haka aka yi. Ta ƙone ganye ƙurmus, abin da tsutsa ta rage rana ta ƙarasa.

Malamin Gona, Zariya:
Wannan ban musa ba ko kaɗan. Duk abin da zai raba shuka da ganyenta, ƙwaro ne, cuta ce, akuya ce ko adda, ya miƙa 'ya'yan ga rana. In ganye ne ke ciwo, a yi masa magani tun da wuri. Abin da nake ƙi shi ne a ga tabon ƙuna a ɗa, ganye lafiya lau, a ce a ninka magani. Ninka haɗi a wannan zafin shi kansa yana ƙona ganye da fatar 'ya'ya, musamman magungunan da ke da farar wuta ko mai a ciki. In zafi ya wuce wajen digiri 32 ba a so a fesa irinsu. Kuma abin yana ba ni takaici, domin talaka ne yake cire kuɗin cefanen gidansa ya sayi abin da zai ƙara masa ɓarna, sannan gubar ta tafi cikin miyar mutane.

Hajiya Mai Gwanda, Gombe:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda duk zafin ne. Ina da gwanda a bayan gida da wani ɗan fili da nake haya. Lokacin sanyi suna ɗaukar 'ya'ya jere har sama. Da zafi ya shigo sai fure ya yi ta fitowa yana zubewa, jikin bishiyar ya yi tazara babu ɗa ko ɗaya. Maƙwabciyata ta ce sun rikiɗe sun koma maza ne, in sare su. Na kasa sarewa, don ni na raine su tun suna leda.

Ɗalibin Aikin Gona, Bauci:
Hajiya, don Allah kar ki sare. Maganar maƙwabciyarki tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Gwanda iri uku ce: akwai namiji, akwai mace, akwai mai haɗe da duka biyun a fure ɗaya, ita ce mai dogayen 'ya'yan nan da aka fi so a kasuwa. Wannan ta ukun, in zafi ya tsananta ga ƙishirwa, ɓangaren macen da ke furenta ba ya girma, sai furen ya fito tamkar na namiji ya faɗi. Da yanayi ya sassauta take komawa ɗaukar 'ya'ya. Tazarar da kike gani a jikinta shaidar watannin zafi ce. Ki dage da ruwa, ki rufe gindin da busasshiyar ciyawa, kuma kar ki bari a riƙa tsinke mata ganye, don shi yake rufe 'ya'yan da ke ƙasa.

Hajiya Mai Gwanda, Gombe:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ganyen kuwa masu neman maganin zazzaɓi ba sa barin sa. Zan hana.

Ɗalibin Aikin Gona, Bauci:
Amin Hajiya. Kuma zubewar fure ba a gwanda kaɗai take ba. Tumatur da tattasai, in rana ta wuce digiri 32 zuwa 35, garin nan rawaya da ke sa fure ya ɗauki ɗa yakan lalace. Zafin dare ma ya fi cutarwa, in dare ya ƙi saukowa ƙasa da wajen digiri 22 zuwa 24 shukar ba ta hutawa. Shi ya sa za ka ga tumatur ɗan bazara ya yi ganye kore shar, fure ko'ina, ɗa babu. Wanda ya ɗauka kuma ya ƙi yin ja, ya tsaya ruwan lemo, saboda sinadarin da ke ba shi jan launi yana daina samuwa in zafi ya haura wajen digiri 30 zuwa 32.

Baba Ɗan Fadama, Kura:
Wannan kam mun sani tun ba a haife ka ba, sai dai ba mu san lissafin digirin ba. Shi ya sa ake yayyafa iri tun ƙarshen damina, a yi dashe a Oktoba zuwa Nuwamba, fure ya faɗa cikin hunturu. To amma ku masu boko ku faɗa mini, in kowa ya dasa lokaci ɗaya, ka je kasuwar tumatur ta Kwanar Gafan a Fabrairu ka ga yadda kwando yake faɗuwa, wani lokaci ko kuɗin mota bai fitar ba. Wanda ya jinkirta dashe ba jahilci ne ya sa shi ba, farashin Afrilu da Mayu yake hange. Ya san rana za ta ci rabi, amma rabin da ya tsira ya fi masa cikakken na Fabrairu.

Malamin Gona, Zariya:
Baba, wannan magana ce ta wanda ya san kasuwa, kuma ba zan ce wa kowa ya bar dashen baya ba. Sai dai wanda zai yi shi ya shirya masa daban. Ya nemi iri mai jure zafi kuma mai yawan ganye, ya tambaya a tashar NIHORT, wato cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, ta Bagauda ko ta Dadin Kowa ko wurin malaman gona na yankinsa. Ya ɗan matse tazarar dashe don shukoki su yi wa juna inuwa. Ya jera masara a gefen yamma na komayensa tun kafin dashe, yadda za ta riga tumatur tsawo. Kuma masu tsinka su daina birkita shuka suna barin ta a buɗe. Ɓarna mai yawa a nan take faruwa: yaro ya ɗaga reshe ya tsinki ja, ya bar ɗanyen da ke ƙasa yana kallon sama.

Mai Garka, Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan zafinmu ya fi naku, kuma abin da ya fi kashe mana itace ba rana kaɗai ba ce, iskar nan ce mai zafi da ke busowa a watan huɗu da na biyar. Tana shanye ruwan ganye fiye da yadda saiwa za ta iya kawowa, ko da gindin a jiƙe yake. Garkar da ba ta da kariya, lemunta da mangwaronta ƙanana duk a ƙasa za ka tsince su. Shi ya sa tsofaffinmu ba sa yin garka ba shinge. Wasu darni na kara, wasu zana, masu haƙuri kuma su dasa bedi ko zogale a kewaye. Sai dai bedi, wato dogon yaro da kuke cewa darbejiya, a ba shi nisa, saiwarsa tana kwasar ruwa.

Ku dubi mutanen Timiya a cikin duwatsun Ayar, can arewacin Nijar. Tsakiyar hamada suke, amma lemu da rumman suke fitarwa har Agadas. Tsawon wurin yana taimaka masu da sanyi, gaskiya ne, amma ku lura da tsarin garakensu: dabino a sama, itatuwan marmari a ƙarƙashinsa, kayan miya a ƙasa. Dabino shi zafin yake so, sai ya tare wa na ƙasa.

Mai Lambu, Bagwai:
Na gode ƙwarai jama'a. To yanzu ni me zan yi wa waɗanda suka rage? Rassan dai an riga an sare.

Mai Inabi, Kudan:
Ɗan'uwa, mu masu inabi kullum cikin wannan lissafin muke, don nonon inabi in ya fito daga ƙarƙashin rumfar ganye, yini ɗaya ya isa ya yanƙwane. Shawarata, waɗanda hannu zai kai gare su ka sa masu riga ta takarda. Ka naɗe kowane ɗa ko kowane gungu, ka ɗaure a sama, ka bar ƙasan a ɗan buɗe. Takarda na ce, ban ce leda ba. Leda tana tara zafi da gumi, dafa ɗan za ta yi. Takardar buhun siminti kuma a guje ta saboda garin da ke jiki. Ribar takarda biyu ce, ta tare rana, ta tare ƙudan da ke saka tsutsa. A gwaba ma tana aiki sosai. Aiki ne mai cin lokaci, amma ga mangwaro mai aure da ake sayarwa da ɗai-ɗai, yana biyan kansa.

Malamin Gona, Zariya:
Na goyi bayan takarda. Na can sama da hannu ba ya kaiwa kuma akwai farar ƙasa. A ƙasashen da suka ci gaba a noman tuffa da rumman da lemu ana fesa wa bishiya farin yumɓu da aka tace, wajen kilo 3 zuwa 5 a lita 100 ta ruwa. In ya bushe sai ya bar farin lulluɓi a kan ɗa da ganye, yana mayar da wani kaso na hasken, fatar ta rage zafi. Ba guba ba ne. Irin wannan yumɓun muna da shi, Ƙanƙara ta jihar Katsina ta yi suna da shi. Sai dai namu ɗanye ne, akwai yashi a ciki, sai an jiƙa an tace da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba ya toshe bakin famfon feshi. A fara gwadawa a bishiya ɗaya ko biyu. Kuma manyan rassan da saran ya bari a fili, a shafa masu farar ƙasa ko farin fenti na ruwa da aka tsinka, don ɓawon itace ma yana ƙonewa ya tsage, daga nan ƙwari su samu hanya. Fentin mai kam kar a kusance shi.

Ɗan 'Yan Lemo, Kano:
Malam, a gafarce ni, a nan zan saɓa maka. Ni a kasuwa nake, ni nake fuskantar mai saye. Ka kawo mini mangwaro ko lemu da farin gari a jiki, wallahi kafin in buɗe baki an ce magani aka zuba. Mutane yanzu a tsorace suke saboda masu nuna kaya da sinadari. Sai na sa yara sun wanke ɗaya bayan ɗaya, wa zai biya wannan? Kuma wurin hancin ɗan ba ya fita duka.

Malamin Gona, Zariya:
Alhaji, ƙorafinka daidai ne, kuma ko a can wankewar tana cikin abin da ake kuka da shi. Amma ka auna: ɗan da ke da farin gari ana wanke shi a sayar, wanda ya ƙone fa nawa kake saye?

Ɗan 'Yan Lemo, Kano:
Wanda ya ƙone ba na saye, in ya shigo cikin buhu kuma shi yake fara ruɓewa ya ɓata na kusa da shi. To na ji. Amma manomi ya wanke kayansa tun daga gona, ya bari ya sha iska a inuwa, kar ya turo mini aikin.

Ɗalibin Aikin Gona, Bauci:
Ba wanda ya ambaci ragar inuwa. A Sifen da Maroko da Afirka ta Kudu gonaki da yawa a ƙarƙashin raga suke.

Mai Kankana, Haɗeja:
Ɗalibi, raga a kadada nawa, da kuɗin wa? Mu da muke rancen kuɗin fetur na injin ban ruwa? Ni ciyawa nake ɗora wa kowace kankana in ta kusa ƙosawa, ko in ja yaɗon in rufe ta. Ba na kashe ko sisi.

Mai Inabi, Kudan:
Kowa da inda abin ya dace da shi. A kankana ciyawa ta wadatar. A wurin rainon dashe ko ɗan fili na kaya masu tsada, raga tana da amfani. Amma a kula da kaurinta. Wadda ke tare kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na haske ita ake so ga itace mai 'ya'ya. Baƙar nan mai kauri da ake rufa wa motoci, in ka sa ta fure zai ragu, zaƙi ma ya ragu, don da hasken ne ganye yake haɗa sukarin. Wasu kuma na ga suna shimfiɗa tsohon gidan sauro. Wannan akwai maganin ƙwari a jikinsa, bai kamata ya taɓa abin da za a ci ba.

Hajiya Mai Gwanda, Gombe:
Ina da tambaya a kan ruwa. Tun muna yara ake ce mana kar a ba shuka ruwa da tsakar rana, wai ɗigon da ya zauna a ganye yana tara hasken ya ƙona shi. Haka ne?

Baba Ɗan Fadama, Kura:
Haka ne Hajiya. Ruwan rana yana dafa saiwa. Ni da asuba nake sakin ruwa ko bayan la'asar.

Malamin Gona, Zariya:
Lokacin da Baba ya zaɓa shi ne daidai, amma dalilin ɗigo yana ƙona ganye bai tabbata ba a yawancin shukoki, ɗigon yakan bushe kafin ya yi wani abu. Masu tuffa a Amurka ma da tsakar ranar suke kunna yayyafi a saman bishiyoyi da gangan don su sanyaya 'ya'yan. Abin da ya sa ba ma so a nan shi ne, ruwa mai yawa yana tashi a banza, ga fetur da tsada. Sannan ruwan da ya kwana a cikin baƙin tiyo a rana yana fitowa da zafi sosai, a bar shi ya zube gefe tukuna. In kuma ruwan rijiyarka yana da kanwa-kanwa, kar ka watsa shi a ganyen lemu, in ya bushe gishirin da ya bari yana ƙona bakin ganye. Amma in kika ga shuka ta yi yaushi tun hantsi kuma ƙasar a bushe, Hajiya, ki ba ta ruwa a gindi nan take, kar ki jira yamma.

Babban abin a bazara shi ne ruwa ya zo a kan kari. Bishiyar da ke jin ƙishirwa tana rufe ƙofofin ganyenta don ta adana ruwa, da ta rufe kuma sanyayawa ta tsaya, duk jikinta ya ɗau zafi. In aka bar lemu ko rumman ko tumatur ya sha ƙishirwa, fatar ta yi tauri, sannan aka kwararo ruwa, cikin ya kumbura fatar ta kasa biyo shi, sai ya tsage. Malam na Bagwai, kakkaɓewar mangwaro wani kason dole ne, domin cikin furen da yake yi ko ɗaya cikin 100 ba ya zama ɗan da za a ci. Amma ƙishirwa bayan ya ɗaura 'ya'ya tana ninka zubewar. Kafin huda ana ɗauke masa ruwa, bayan ya ɗaura ana mayar masa. Kuma a zuba a daidai inda inuwar rassa ta ƙare, can saiwoyin shan ruwa suke, ba a jikin kututture ba. Takin yuriya kuma a ajiye shi sai zafi ya sauka, a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake yi.

Mai Garka, Maraɗi:
Abin da ke damuna shi ne zafin yana ƙaruwa. Ku tuna azumin 2024. A farkon watan huɗu garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, mu ma nan ba mu ji da daɗi ba, itatuwan da suka shekara ashirin suna ba da 'ya'ya sun zubar. Dabarun iyayenmu suna nan da amfaninsu, amma an gina su ne a kan zafin da suka sani.

Ɗalibin Aikin Gona, Bauci:
Ba mu kaɗai ba ne. A 2022 Indiya ta yi watan Maris mafi zafi cikin shekara 122, daidai lokacin da mangwaro yake fure, manoman jihar Uttar Pradesh suka tafka asara, na Pakistan ma haka. Abin lura a nan, lokacin da zafin ya zo yana iya fin yawansa muhimmanci. In ya riski bishiya tana fure ko 'ya'yan suna ƙanana, an gama da shekarar.

Baba Ɗan Fadama, Kura:
To Allah ya kyauta. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa mai tumatur da ya ajiye famfon feshi a bazara zai yi kuka. Amma na karɓi maganar a duba gefen da tabon yake kafin a je shago. Da ma malaman gona suna shigowa gonaki kamar da, da ba mai shago ne zai zama likitanmu ba.

Ɗan 'Yan Lemo, Kano:
Ni ma bari in faɗi wadda ta fi ci mini rai. Manomi ya yi wata huɗu yana kare kayansa daga rana, ranar tsinka kuma ya tara su a bakin titi tun hantsi har la'asar yana jiran mota. Ɗan da aka tsinke ya rabu da uwarsa, ba ruwan da ke shigo masa, ya fi na kan bishiya saurin ƙonewa. Zafin da ya kwasa a nan da shi zai shiga mota, a rufe da tamfol, ya kwana yana dahuwa. Lemun da ke zuwa mana daga Binuwai, na saman lodi da na jikin ƙarfen mota kullum su ne asararmu. Don Allah a tsinka da sassafe, a kai inuwa nan take, ko rumfar kara ce. A rufe lodi da ganye ko ciyawa kafin tamfol, a bar wurin shan iska, a yi tafiyar dare in hanya ta ba da hali.

Hajiya Mai Gwanda, Gombe:
Na gida kuma tukunya biyu ɗin nan, ƙarama a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana riƙe mini tumatur da gwaba kwanaki. A bazara ta fi aiki ma, saboda iskar a bushe take. Amma ni ciyawar da aka ce in rufe gindin gwanda da ita nake tsoro. Filin nan akwai gara.

Mai Garka, Maraɗi:
Hajiya, garar busasshen abu take bi, kuma ta fi kama itacen da ƙishirwa ta riga ta raunana. Ki bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin ciyawar da jikin gwandar, kar su haɗu. Ki riƙa ɗagawa kina dubawa duk mako. In kin samu ɓuntun shinkafa ya fi kara, gara ba ta cika son sa ba, kuma ku Gombe ba za ku rasa shi wurin masu casa ba. Mu nan muna barbaɗa toka kaɗan a kewayen gindin kafin mu shimfiɗa. Kaurin ya kai yatsu huɗu, in bai kai ba rana tana ratsa shi.